Abincin Mafarkin Kawu Mai-Alli

In kun taɓa bi ta layinmu kuka ga wata ƙofar ƙarfe da ta sa kuka rage tafiya har kuka waiwaya, ba sai kun tambaya ba, aikin kawuna ne. Ƙanin mahaifiyata ne, mai walda. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana haɗa ƙofofi da tagogi a wani shago mai rufin kwano, tsakanin mai faci da mai wankin mota. Mai-Alli ake ce masa, don ba ka raba bayan kunnensa da guntun alli. Ni kuwa Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Masu walda a garin ba su ƙirguwa, kuma yawancinsu kwafa suke yi. Ka nuna musu hoton ƙofar wani a waya, su yi maka irinta sak. Kawu ba ya haka. Shi a mafarki yake ganin nasa ƙofofin.

Na san za ku yi murmushi, mu ma mun sha yi. Amma ga yadda yake faɗa, kuma bai taɓa canza ko kalma ɗaya ba:

"Sai in gan ni ina tafe a wani layi da ban sani ba. Sai in duba hannuwana. In na ga babu tabon ƙuna ko ɗaya, sumul kamar na jariri, sai in ce yawwa, mafarki nake. Daga nan ba na gaggawa, Uwata. In nemi ƙofar da ta fi kyau a layin, in tsaya in ƙirga sandunanta. In zagaya in ga bayanta. In durƙusa in ga yadda aka ɗaura ta a jikin gini. Wani lokaci har in buɗe in rufe, in ji nauyinta."

Kafin gari ya waye zai farka, ba ya ce wa kowa uffan, sai ya sauko daga gado ya zana abin da ya gani a simintin ɗaki. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta yi shekaru ba ta share ɗakin nan da safe, sai ya kwashe zanen a kan kwali tukuna. Takan ce ita kaɗai ce matar da ke neman izini kafin ta yi shara a ɗakinta.

To, mafarkin nan yana da abincinsa, a faɗar Kawu. Kowace yamma in ya rufe shago ya yi wanka, sai a ajiye masa babban kofin shayi da aka juye wa rabin gwangwanin madara mai kauri, ya ƙara sukari cokali uku a kai. Ga rabin burodi, ga kifin gwangwani, ga ƙwai biyu, ga ayaba biyu. Ya tashi da su tas, ya sha ruwa, ya kwanta. In Inna ta yi magana sai ya ce, "Ke kin taɓa ganin janareta ya tashi ba mai?"

Haka aka yi ta tafiya har ranar da tartsatsin walda ya faɗa cikin takalminsa na hagu. Bai ma ji ba. Ƙaurin safa ne ya sa ya duba, ya ga ƙuna kamar girman ƙwandala a babban yatsa. Su masu walda da zafi suke auna ƙuna. In tana raɗaɗi ɗanya ce, a kula da ita. In ta daina, ta warke, a koma aiki. Wannan kuwa tun ranar farko ba ta yi masa zafi ba, don haka ya shafa mata man da ya saba shafawa, ya mayar da takalmi, ya manta.

Sati uku bayan nan Inna tana wanki ta ga safar hagu kullum da tabo, wani ruwa-ruwa mai wari. Ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki zo ki kai kawunki asibiti. Ni in na faɗa sai ya ce na cika tsoro. Ke ce ba ya iya yi wa musu."

Da ƙyar ya yarda, yana ta mitar an ɓata masa rana guda. Likitar da muka gani ba ta da yawan magana. Ta sa aka ɗebi jininsa, ta duba takardar ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce ya rufe ido, ta ɗauko wata siririyar waya tana taɓa tafin ƙafarsa.

"Ka ji nan, Baba?"

"Kin fara ne?"

Ni kuwa na ga lokacin da wayar ta lanƙwashe a jikin fatarsa.

Ta ja kujera ta zauna daf da shi. Ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa, shi ya kashe masa jin ƙafa. Ta ce rashin zafin nan ba warkewa ba ne. In sugan bai sauka ba ciwon ba zai rufe ba, in kuma ya ci gaba da ci, to ƙafar ce za a rasa. Ta tambayi abin da yake ci kafin barci. Da ya lissafa mata, sai ta ajiye biro ta dube shi.

"Duk kai kaɗai?"

"Da ɗan ruwa," in ji Kawu.

Ba ta yi dariya ba. Ta soke madarar, ta soke sukarin, ta rage burodin zuwa yanka ɗaya, ta ce a ci abincin yamma da wuri, a bar ciki ya huta kafin a kwanta. Ta ba da magani da wata 'yar na'urar gwajin suga, ta koya mini yadda ake soka yatsa. Ta ce mu dawo bayan wata guda.

Inna ta riƙe dokar nan da hannu biyu. Ganye, wake, kifi, shayi ba sukari. Sugan ya fara sauka, Kawu ya daina tashi cikin dare, barci yake yi tun daga kwanciya har hasken safiya ya shigo ta taga. Mu muna murna. Ashe shi hankalinsa ne ke tashi, don tun ranar da aka canza abincin mafarki ya ɗauke ɗif.

Na taɓa zuwa da sassafe na same shi zaune a bakin gado, alli a hannu, yana kallon simintin da babu komai a kansa.

"Baƙi ƙirin, Uwata. Kamar an ɗauke wuta. In rufe ido, in buɗe, gari ya waye. Ko kare ban gani ba, balle ƙofa."

Ana cikin haka shugabar wata makarantar ƙananan yara ta zo shago. Sun gama katanga, suna son get kafin a dawo hutu, sati shida. Ta ce masa, "Masu walda uku na wuce kafin in zo nan. Ba na son irin na kowa. Ina son wanda yaro zai gani ya daina kukan zuwa makaranta." Kawu ya karɓi aikin, don bakinsa bai saba cewa ba zai iya ba.

Ya gwada zanawa ido biyu. Amininsa Dogo mai fenti, wanda shi ke shafa wa ƙofofin Kawu fenti tun suna samari, ya tsaya a kan zanen ya karkata kai.

"Mai-Alli, makarantar yara aka ce maka ko gidan yari?"

"Tafi can, kai da ba ka san komai ba sai baƙi da ruwan toka."

"To ai wannan ko na shafa masa ruwan zinari, yaro na ganinsa zai ruga gida."

Kawu ya goge zanen da ƙafa. Ya koma gwaji irin nasu na masu gyara, a cire wannan a mayar da wancan har a gano inda matsalar take. Ya roƙi Inna ƙwai biyu da yamma, ba mafarki. Ya gwada kifin gwangwani, shiru. Ya yi ta lallashi har ta ba shi rabin ayaba, nan ma shiru. Sai ya yanke hukunci shi kaɗai cewa madarar ce da sukarin, su ne man.

Bayan kamar kwana goma Inna ta kira ni da murna.

"Alli ya dawo ɗaki! Yau ma ban yi shara ba. Kin ga, dama na ce masa jiki ne bai saba ba."

Na yi murna na minti biyu. Sai ta ƙara da cewa abincinta ne dai ba ya ci sosai yanzu, kuma ga shan ruwa kamar raƙumi, ga tashi zuwa banɗaki. Nan na yi zargin sugan ya sake hawa. Washegari na je da na'urar na soka masa yatsa. Lambar da ta fito ta ninka ta satin da ya wuce.

"Ta lalace," in ji Kawu, bai ko kalle ni ba. "Irin waɗannan abubuwan ba su da ƙarko."

Na gwada a yatsana a gabansa, ta nuna daidai. Ya ce to jininsa ne ba ta so.

Ban iya barci ba kwana biyu. A rana ta uku na tashi daga wurin aiki da wuri na nufi shagon. Ba ya nan, ya je sayen ƙarfe, Dogo ne kaɗai zaune yana wanke buroshi. Ina cikin gaishe shi idona ya sauka kan layin tururuwa. Sun taso daga bakin ƙofa, sun bi ƙafar teburin aiki, sun haura bango, sun shige cikin hular walda da ke rataye a ƙusa. Na sauke hular. Gwangwanin madara ne a ciki, an huda shi biyu, an toshe da takarda. A bayan janareta na sami wasu guda bakwai, duk babu komai a ciki.

Na juyo na dubi Dogo. Ya sunkuyar da kai yana ta murza buroshin da ya riga ya fita.

"Baba Dogo, kai ke sayo masa?"

"'Yata, wallahi ya ce mini na kwana uku ne kawai. Ya ce ƙafar ta daina ciwo."

"Dama ba ta taɓa ciwo ba! Abin da likita ta faɗa ke nan!"

Sai ga Kawu ya shigo, ɗauke da sandunan ƙarfe a kafaɗa. Ya ga hular a hannuna, ya ga gwangwanayen a jere a kan tebur. Ya sauke ƙarfen a hankali.

"Uwata, zauna in gaya miki. Na gan shi. Get ne mai ƙyaure biyu, sandunansa ba miƙaƙƙu ba ne, suna lanƙwasa kamar ciyawa in iska ta kaɗa ta, ga wasu ƙananan tsuntsaye a tsakani daidai tsayin yaro. Gabansa kawai na gani. Duk lokacin da zan zagaya baya sai in farka. Ban ga yadda aka riƙe shi ba, kuma in ban gani ba zai faɗo wa 'ya'yan mutane. Kwana biyu kawai nake nema."

"Cire takalmin, Kawu."

"Ba ta zafi, na rantse miki."

"Cire."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni. Ya dube ni, ya zauna a kan benci, ya kwance igiyar. Kafin safar ta gama fita warin ya cika shagon. Dogo ya miƙe tsaye yana salati. Babban yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi ya fara bin sahu, saman ƙafar kuwa ya kumbura ya yi ja har yana sheƙi. Kawu ya daɗe yana kallonta kamar ƙafar wani ce aka ajiye masa.

"Amma ba ta zafi," ya sake faɗa, a hankali wannan karon.

A ranar aka ba shi gado. Washegari aka cire yatsu biyun. Da likita ta zo zagaye ta buɗe bandejin, sai ta ciro biro daga aljihu ta ja layi a fatarsa, daidai inda jan ya tsaya, kusa da idon sawu.

"Muna ba da magani ta jijiya, muna saukar da suga. Kwana biyar za mu duba. In jan nan ya ja baya daga layin, ƙafar ta tsira. In ya tsallake, sai mun yanke daga ƙasan gwiwa, don kada mu rasa ka gaba ɗaya."

Inna ta kama ƙarfen gadon. Kawu kuwa layin kawai yake kallo.

Ba zan iya kwatanta muku kwanakin nan ba. Ɗaki ne mai gado shida, fanka ɗaya ke aiki, kullum warin maganin goge ƙasa. Inna ta shimfiɗa zane a ƙasa kusa da gadonsa, ta ƙi komawa gida ko don wanka. Kowace safiya in nas ta zo canza bandeji sai mu miƙe mu uku, har da Dogo, wanda ya daina zolaya gaba ɗaya, mu zuba wa layin biron ido. Rana ta farko jan yana kan layi. Rana ta biyu yana kan layi, ni ma sai nake ganin kamar ya ɗan haura ta gefe ɗaya, amma na kasa faɗa wa kowa. Na fita baranda na yi kukana na wanke fuska na dawo. Inna ba ta ce masa komai ba game da madarar, ko kalma ɗaya. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Akwai wata nas mai ƙiba, mai saurin hannu, da ke zuwa da ƙarfe huɗu na asuba ta soka masa yatsa. Ba ta sallama, ba ta lallashi, sai dai ka ji an kama hannunka. A asuba ta uku, in ji Inna, tana kama hannunsa ya zabura ya ce, "Biro! Ba ni biro!" Nas ɗin ta ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa masa kai. Inna ce ta gane, ta zare biron daga aljihun matar, ta yage kwalin magani ta miƙa masa. Da na iso da safe na tarar da bayan get ɗin a zane, da sandar da ta ratsa shi a karkace, da inda za a ɗaura shi a gini.

Kawu kansa ya fi kowa ruɗewa. Da likita ta zo ya tare ta tun kafin ta gaishe shi.

"Likita, kwana huɗu rabona da sukari. Abincinku ko gishirin kirki babu. Daga ina mafarkin ya zo?"

Ta karɓi kwalin ta juya shi, ta tambaye shi lokacin da ya farka da abin da ya tashe shi. Sannan ta tambaya, a da can da yake shan shayinsa, me ke tashinsa kafin asuba.

Inna ce ta amsa daga ƙasa. "Fitsari."

Majinyacin gadon kusa ya fashe da dariya har da tari.

Likita ta ce, "Baba, ba zan ce maka abinci ba ya taɓa mafarki ba. Akwai masu cewa wasu abinci na sa a riƙa tunawa da shi, amma ni ban ga tabbacin da zan dogara da shi ba. Abin da na fi sani shi ne, wanda ya farka a tsakiyar mafarki ya fi tuna shi. Ina jin ba ka daina mafarki ba. Barci ka samu mai kyau, kana wucewa ta kansa ba ka tsayawa. Da babban kofin nan da sugan da ke jininka, su suke tashinka, yau kuma nas ce ta tashe ka."

"Wato shekara talatin..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi ƙafar da ke naɗe, ya juyar da fuska bango. Abincin rana ma Inna ce ta mayar da shi yadda aka kawo.

Shugabar makarantar ta zo dubiya a rana ta huɗu. Ta ga kwalin a kan durowa, ta daɗe tana kallo, ta ce yaran za su iya shiga ta ƙofar katako har zango guda, ba abin da zai same su. Kawu ya gyaɗa kai kawai. A lokacin ba get ne a ransa ba.

Safiya ta biyar likita da kanta ta zo, ba ta bar wa nas ba. Ta sa safar hannu, ta fara warware bandejin zagaye bayan zagaye. Inna ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ni kuwa na matsa daf da gadon. Da aka ɗage audugar ƙarshe likita ta sunkuya, ta danna fatar da yatsa, ta saki, ta sake dannawa a wani wurin. Tsakanin layin biron da inda jan ya koma akwai fili kamar faɗin yatsu biyu, fatar ta yi yamutsa-yamutsa inda kumburin ya sace.

"Ƙafarka taka ce, Baba," in ji ta. "Amma ba a gama ba. Sai ka yi wata biyu ba ka sa takalmin aiki ba, kuma daga yau kullum sai an duba maka tafin ƙafa da ido, tunda ita ba za ta gaya maka ba."

Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Dogo ya shigo yana share ido da hularsa, ya ce, "To Mai-Alli, ka rage wa mai yankan farce aiki." Ba wanda ya yi dariya sai Kawu, ita ma guntuwa.

Da aka gama naɗe ƙafar ya tambayi likita ko zai iya tsayawa. Ta ce ya gwada, amma a kan diddige, kuma a riƙe shi. Dogo ya matso, Kawu ya ɗaga masa hannu, ya dubi matarsa da ke ƙasa.

"Ke nake so, in kin yarda."

Inna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta zo ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa. Ya sauko da ƙafar dama, ya sauko da ta hagu, ya miƙe yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu.

"A hankali," in ji Inna. "Taga za mu je mu dawo, ba kasuwa ba."